Garin da ke Ƙarƙashin Jirgin Sefako

"Lafiya lau na kwana, amarya, tunda ba ke kika yi tuwon dare ba."

"Madalla, angona. Ni ma na yi barci, don jiya minsharinka bai tsallako katanga ba. Har na ɗauka takaba ta same ni."

"Ta Allah ba taki ba. Sai na ga furfurarki tukuna."

Sefako tana durƙushe a bayan ƙaramin jirginta na shan iska, wanda ta jawo kan yashi a bakin tafkin Volta. Ma'aikaciyar lantarki ce a birnin Tema, kamun kifi kuwa nishaɗinta ne na Asabar da Lahadi. Wanda ya tsaya a kanta da sanda kakanta ne, Togbi Agbeko, tsohon masunci da ya haura tamanin. Ran Litinin za a tafi da shi birni wurin 'yarsa saboda ido da gwiwa sun gaza, kuma kowa a gidan ya san ba zai ƙara ganin wannan ruwa ba. An yi ruwan sama da asuba, tafkin ya wayi gari lulluɓe da farin tururi. Matattun itatuwan da ke tsaye cikin ruwa sai kawunansu ake gani, babu tsuntsu ko ɗaya a kansu.

Tsohon ya sunkuyo. "Me nake ji haka? Huda jirgin kike yi?"

"Ƙofa huɗu kacal."

"Jama'a ku zo ku gani! Mutum ya sayi jirgi lafiyayye, ya zauna yana huda shi. Shekara sittin ina toshe rami a kwalekwale, yau ga jinina tana buɗewa."

"Gam zan cika su da shi kafin in ɗaura kusoshin. Ko ɗigo ba zai shiga ba. Riƙe mini wannan, in hannun bai manta aiki ba."

Ta miƙa masa wani baƙin abu kamar guntun sabulu, da doguwar waya a jikinsa. Ya jujjuya shi, ya sansana.

"Wannan fa? Layar tsoron ruwa ce?"

"Kunne ne. Yana aika sauti ƙasan ruwa, sautin ya dawo, sai allon nan ya zana mini abin da ke ciki. Kifi, dutse, kututture, duka. Ɗaya ɓangaren kuma taswira ce, tana nuna inda jirgi yake ko da ba ka ganin tafin hannunka."

"Wato kin sayi ɗan gulma. Kifi na zaune a ɗakinsa da iyalinsa, ki aika a leƙo shi. Mu da muka ci sunanmu masunta, ƙafa muke tsomawa a ruwa mu san abin da tarwaɗa ta karya da shi."

"Shi ya sa duk giwan ruwan da ka kama a baki suke, ba wanda ya taɓa ganin ƙayarsu."

"Wanda na kama shekarar da aka haifi uwarki, da haƙarƙarinsa aka yi rufin coci."

"Cocin kaji ke nan."

Ta daidaita kunnen da gindin jirgin, nesa da farfelar inji don kumfa kada ta rikita shi, ta ɗaure. Ta bi da wayar ta gefe har gaban sitiyari, ta kafa allon, ta haɗa ja da baƙar waya a batir. Togbi yana binta da sanda yana zungurar duk abin da ta ajiye. Da ta danna maɓalli, allon ya kawo shuɗin haske.

"To, saura gwaji. Koma gida ka sha kununka."

"In koma? Wa zai ba da labarin kunyarki? Kifi na ganinki, mai jar koma. Ɗaga ni in shiga."

Suka tura cikin tururin. Ba su yi nisa ba gaɓa ta ɓace, sai ƙarar inji da ke komo musu kamar daga cikin tulu. A allon, ƙasan tafkin ta fito launin ƙasa-ƙasa, da itatuwa tsaye a kanta, rassansu a miƙe. 'Yan alamu masu lanƙwasa kamar baka suna wucewa ta tsakaninsu.

"Ga karfasa can, garke guda, mita shida. Gani ya kori ji, angona."

"Karfasa abincin yara. In kina son kifin maza, juya yamma."

"Yamma kututture ne zalla."

"Tsoro? Ashe farar kura na aura."

Sefako ta juya yamma. Ta san abin da ke yamma. A can Adabakope yake, garin da aka haifi Togbi, wanda ruwa ya ci lokacin da aka datse kogi yana saurayi. Mahaifiyarsa, Dada Abui, ta rasu kwana goma kafin motocin kwasar mutane su zo, aka binne ta cikin ɗakinta kamar yadda ake yi a lokacin. Ya yi alkawari a bakin kabarin zai dawo ya ɗauke ta. Da ya dawo, ruwa ya riga ya yanke hanya. Shekara talatin kan wani rimi ne ke nuna masa wurin, har ranar da rimin ya ruɓe ya nutse. Tun daga nan bai ƙara gane wurin ba, kuma bai ƙara ambaton sunan garin ba. A bakin uwarta Sefako ta ji wannan duka.

Da kututturan suka yi yawa, ta kashe inji don kada farfela ta karye. Shiru ya sauko musu. Babu iska, ruwan ya kwanta kamar mai a faranti.

"Ina kifin mazan?"

"Ya ji an ce ke za ki dafa shi, ya gudu."

Ta buɗe baki za ta rama, sai idonta ya faɗa kan taswirar. 'Yar kibiyar da ke nuna jirginsu tana tafiya. Ta dubi ruwa, ko ganye ba ya motsi. Ta sake duban allon. Kibiyar na tafiya a hankali, tana barin siririn layi a bayanta, miƙe kamar an ja shi da zare.

"Togbi, sandarka kake tura mu da ita?"

"A zurfin gaba goma sha? Kin mai da ni raƙumin dawa?"

Sandar tana kwance a cinyarsa. Wani baƙin kututture ya fito daga cikin tururin ta dama, ya wuce su sannu, ya ɓace a baya. Tafiya suke yi da gaske.

"Igiyar ruwa ce ta ƙasa," in ji Sefako. "Tsohon kogin yana nan yana gudu."

"Haka ɗan gulmarki ya ce?"

"Haka karatu ya ce."

"To karatu ya gaya miki yanzu za mu karya hagu?"

Bai rufe baki ba hancin jirgin ya juya hagu. Ba lanƙwasar ruwa ba ce, kwana ce sosai, irin wadda mutum ke yi in ya zo ƙarshen katanga. Layin taswirar ya zana ta daram. Gashin jikin Sefako ya mimmiƙe. Ta dubi kakanta, ta ga ya rufe ido, leɓensa na motsi.

"Nan maƙera ce," ya ce a hankali. "Gaba kaɗan rumfar mai gishiri. Sai mu yi dama."

Jirgin ya yi dama.

A allon, ƙasan ta daina zama shimfiɗe. Ƙananan tuddai suka fara fitowa, jere, masu kusurwa, da ɗan fili tsakanin kowane biyu. Sefako ta yi shekara tana kallon hotunan irin wannan na'ura kafin ta saya, ba ta taɓa ganin dutse mai kusurwa huɗu ba.

"Angona," ta ce, "ashe ƙauyen naku duk akurki ne."

"Akurkin da ya haifi wanda kike mutuwar so."

Sai ga wani abu ya tashi daga cikin tuddan. Kifi a allon kwance yake fitowa, kamar baka. Wannan a tsaye yake, dogo, siriri. Ya taso kaɗan daga ƙasa ya tsaya daidai ƙarƙashinsu, kuma duk tafiyar da suke yi bai fita daga allon ba.

"Me kika gani? Kin yi shiru, abin da ba ki taɓa yi ba tun ranar suna."

"Kifi ne."

"Wane iri?"

"Babba."

"Kwance ko tsaye?"

Ta ɗora yatsa a maɓallin kashewa, ta kasa dannawa. A cikin wannan jiƙaƙƙen tururi, nesa da kowace gaɓa, hancinta ya jiyo hayaƙin itace da ƙamshin masara da ake soyawa a kasko.

Togbi ya ja numfashi mai tsawo. "Gyara ɗaurin kallabinki, amarya. Surukarki ce ta fito tarya."

"Ba ka gaya mata ban iya gaisuwar tsofaffi ba?"

"Za ta gane da kanta. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima."

Ta kai hannu ga makullin inji, tsohon ya dafe hannun. Tafinsa sanyi ƙalau.

"Bari. Ba a shiga gidan mutane da hayaniya."

Jirgin ya ƙara 'yar tafiya, ya tsaya cak, kamar an ɗaure shi a turke. A allon, tudu ɗaya ne a ƙarƙashinsu, da ɗan gibi a gefe guda inda ƙofa za ta kasance. Dogon abin yana tsaye a bakin gibin.

Togbi ya lalubo wata 'yar kwalbar barasa daga aljihunsa. Ya nemi ya durƙusa, gwiwa ta ƙi, sai Sefako ta riƙe shi ta ƙugu ya leƙa ruwan. Ya zuba sau uku.

"Dada, ni ne Agbeko. Na ce kwana bakwai, ga shi na yi shekara sittin. Ba mantawa na yi ba, hanya ce ta ɓace mini. Ba zan iya ɗauke ki ba, ƙarfin ya ƙare, kuma jibi za a kai ni inda babu ruwa sai na famfo. Ki yafe mini. Wannan da ke riƙe da ni jikata ce. Ba ta da kunya, ba ta iya tuwo ba, amma ita ta kawo ni."

Sefako tana riƙe da shi, idonta na kan allon ta saman kafaɗarsa. Abin ya daɗe a tsaye. Daga nan ya fara sauka, a hankali, har ya shige gibin, layin ƙasa ya koma kamar yadda yake. Wata 'yar iska ta taso ta kaɗa ruwan, jirgin ya fara lilo irin na kowane jirgi. Can nesa wani tsuntsu ya yi kuka.

Ta zaunar da shi. Ta danna allon, ta kafa alama a wurin, ta rubuta sunan Dada Abui harafi ɗaya-ɗaya.

"Me kike tsakura kuma?"

"Na ajiye wurin. Ko da rana ko cikin hazo, zan dawo nan daidai, ba kuskuren taku uku. Duk shekara zan zo in zuba mata, in gaya mata irin rashin jin da kake yi a birni."

Tsohon ya share fuska da bakin rigarsa. Ya daɗe yana kallonta da idanunsa masu yana.

"Faɗa mini gaskiya. Don karfasa kika sayi abin nan?"

"Don wa zan saya? Don tsohon da ko haƙorin cin kifin ba shi da shi?"

"Maƙaryaciya, jikar maƙaryaci."

"To wa ya gano garin, ƙafarka ko ɗan gulmata?"

"Ni na san kwanonin hanya."

"Shekara talatin kana sanin su kana wucewa."

Togbi ya ɗaga hannu biyu. "Na sallama. Yau kam yaro ya hango abin da babba bai hango ba, bai ko hau rimi ba."

Ya cusa hannu cikin wuyan rigarsa, ya zaro wata tsohuwar igiya da ta yi baƙi da gumi. A jikinta akwai ɗan makulli, tsatsa ta cinye rabin haƙoransa. Ya cire ta ta kansa da ƙyar, ya rataya mata.

"Ni na kulle ƙofar da hannuna ranar da muka tashi. Ga makullin ɗakinki, amarya. Kada ki ƙara cewa na aure ki ban ba ki gida ba."

Sefako ta damƙe makullin, hawaye na zubo mata tana dariya.

"Na karɓa, angona. Amma ka gaya wa surukata ba zan tare ba sai an kwashe ruwan tsakar gidan."

Tsohon ya ƙyalƙyale da dariya har tari ya sarƙe shi, yana buga sandarsa a gindin jirgin.