Ranar da Kaka Ta Cinye Musu Aikin Mako

"Lafiya lau, sai dai in kai ne ba ka kwana lafiya ba. Miji ya ga matarsa ta hawo bene har hawa uku, ko ya miƙe."

"Na miƙe a zuci, Amarya. Nan ba a miƙewa haka kawai, sai da dalili."

"To ga dalili ya zo da ƙafarsa. Tashi ka ba ni kujerar."

Akawu ya tashi. Kaka ce ta raɗa masa wannan suna ranar da ya fara aiki, sunan kuwa ya bi shi har ofis ya zauna daram. Uwar ubansa ce, tsohuwar tela wadda ciwon ido ya raba da keke amma bai raba ta da baki ba. Tun yana goye take kiransa mijinta, tun da ya iya magana shi kuma yake yi mata barazanar saki. Ta zauna tana haki, ta ajiye jaka, ta bi ɗakin da kallo: tebur uku da benci, kabad na ƙarfe, kalanda, tukunyar fulawa a bakin taga, ga fanka tana juyi kamar an yi mata dole. Masinja da Mai-tambari, mai buga wa takardu hatimi, da Sakatariya suka gaishe ta, kowa ya ja gaisuwar iya tsawonta, don ba kullum ake samun wanda za a gaisar ba.

Abin da ya kawo ta ba ɓoyayye ba ne. Tun bara aka kwashe aikin sashen nan aka mayar babban ofis aka ɗora wa kwamfuta, sai aka manta da mutanen. Albashi yana zuwa, aiki ba ya zuwa. Shi kuwa Akawu gyaran firji da fanka ya koya kafin ubansa ya nemo masa kujerar nan, ga shi tsohon maigidansa na shagon gyara ya ce masa ya dawo bakin aiki, amma ya ba da amsa kafin gobe, in ba haka ba zai ɗauki wani. Uban ya ce in ya bar ofis bai yafe ba. Duk duniya mutum ɗaya ke iya sa shi ya janye wannan magana, ga ta nan zaune tana fifita da gefen gyale.

"Wai nan ne gidan azabar?" in ji ta. "Inuwa, fanka, kujera mai juyi. Allah ka azabtar da ni haka."

"Ki yi hankali da addu'a. A shekarunki ba ta daɗewa a hanya."

"Ƙoshi ne ke damunka. Mutane suna can takalmi yana cinyewa wajen neman abin da kake kuka da shi. Da babu gara ba daɗi."

"Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo."

"Ɗakin da ko hadari bai gani ba? Faɗa mini, in ka zo me kake yi?"

"In zauna."

"Daga nan fa?"

"In gyara zama."

"Ni kam na yi sa'ar miji. Ƙawayena kowacce da labarin jikanta, wannan ya yi wa mutum tiyata, wancan ya gina gada. Ni sai in ce nawa ya gyara zama."

"Ki ce ya ƙware. Akwai wanda ya yi ritaya bai iya ba."

"Bakinka kaɗai ne bai yi zaman banza ba."

"Gadonki ne. Shi kaɗai na samu a auren nan."

Sakatariya ta sunkuyar da kai. Akawu ya ja benci kusa da teburin, ya daina wasa da fuska, ko da yake da ma fuskar ba ta cika motsi ba.

"Gani ya kori ji, Amarya. Ga kujera, ga tebur. Ki zauna zuwa lokacin tashi. Kada ki taɓa komai, kada kuma ki yi barci, don barci laifi ne a nan. In kin iya, na rufe bakina, in mutu a kujerar. In kin kasa, ki kira ɗanki ya janye maganarsa."

"Zama ne abin gasa? Ni da na yi zaman jego sau bakwai, na yi zaman makoki, na yi zaman layin asibiti?"

"Duk waɗannan akwai abin da ake jira."

"Ka shirya mutuwa a kujera, yaro. Ni zan ci gado."

"Kujerar ta kamfani ce."

"To ko a mutuwar ma ba ka da amfani."

Ta harɗe hannu, ta miƙe wuya, ta zauna tsaf. Akawu ya san taurin kan tsohuwar nan. Matar da ta taɓa ƙin magana da maƙwabciya har maƙwabciyar ta tashi daga unguwa, zaman yini ɗaya ne zai gagare ta? Ya fara tunanin ya yi wa kansa ƙullin da ko haƙori ba zai kwance ba. Fanka ta ci gaba da juyi. Wani ƙuda ya shigo ta taga, ya zagaya, ya ga ba abin yi, ya fita.

"Agogon nan naku ya tsaya," in ji Kaka.

"Yana aiki. Shi kaɗai ne ma."

"To ba shi da lafiya."

"Haka yake tafiya in ana kallonsa."

Ta kau da ido daga agogon, sai ya faɗa kan Mai-tambari. Dattijo ne mai furfura a gemu, yana tsaye a bakin taga, ya tsiyaya ruwa a murfin kwalba, ya ɗiga wa fulawa, ya koma ya zauna.

"Wancan bawan Allah me yake yi?"

"Yana ba fulawa ruwa."

"Da murfi?"

"In ya zuba gaba ɗaya, me zai yi da rana? Kowa nan da rabonsa. Fulawa tasa ce. Sakatariya tana goge durowar kabad, ɗaya kullum. Masinja ke yage takardar kalanda. Ni kuma ga nawa." Ya nuna mata wata doguwar sarƙa da ya haɗa da 'yan ƙarafunan maƙale takarda. "Yau in sarƙa, gobe in warware. Ba mai taɓa na wani. An taɓa yin gaba a kan kalandar nan, sai da aka yi sulhu."

"Allah ya sawwaƙe. Kuma da wannan kake ciyar da ni?"

"Shi ya sa ba kya ƙiba."

Ta yi tsaki ta sake harɗe hannu. Ba a jima ba hannun ya kwance da kansa. Ya gyara ɗankwali, ya gyara gyale, ya sauka kan tebur, ya sami ƙura. Tun tana budurwa hannun nan bai taɓa ganin ƙura ya wuce ba.

"Amarya, me hannunki ke yi?"

"Hannuna ne, ba ni ba. Tsufa ne, rawa yake."

"Rawar ta share rabin tebur."

"To sai in bar rabi? Ka taɓa ganin an yi wa mutum aski gefe ɗaya?"

"Kin taɓa ke nan."

"Ban taɓa ba. Bari ma in miƙe ƙafa, ai ba ka hana miƙe ƙafa ba."

Miƙe ƙafar ke nan. Kafin kowa ya ce uffan ta kai bakin taga, ta ɗauki kwalbar ta juye wa fulawa tas, tana cewa a ji tsoron Allah, abu mai rai ne. Ta fizgi tsumma daga teburin Sakatariya ta bi kabad daga sama har ƙasa. Ta ga kalanda tana nuna jiya, ta yage. Ta dawo ta kama sarƙar Akawu, yatsun tela ne, nan da nan ta warware ta ta zuba a gwangwani. Sannan ta kakkaɓe hannu, fuskarta har ta yi haske.

Mai-tambari ya ɗaga kwalbar, babu ko ɗigo.

"Mama," in ji Mai-tambari a hankali, "ruwan mako ne kika zuba."

"Durowa ta uku ta Laraba ce," in ji Sakatariya.

Masinja ya daɗe yana kallon kalandar. "Na bar ta ne sai can da yamma," ya ce.

"Ku ji mini mutane. Na taya ku aiki, ko sannu babu."

Ba fushi suka yi ba, ba su da ma ƙarfinsa. Kowa ya koma mazauninsa ya ɗora hannu a tebur. Akawu ya san ya ci gasa, ya kamata ya yi mata tsiya, amma yamma da saura, sarƙar gobe kuma ta tafi. Ya zauna a benci, hannu a gwiwa, ido ya tafi da kansa wurin da fenti ya ɓare a bango, inda ya saba zuwa. Kaka ta buɗe baki za ta yaɓa masa magana, sai ta fasa.

"Kai. Haka kake yi kullum?"

"Yaya?"

"Wannan kallon."

"Wane kallo? Ai ban yi komai ba."

"Shi na gani." Ta koma kujera ta zauna, a hankali wannan karon. "Kakanka, da ciwo ya kashe masa ɓarin jiki, haka ya zauna mini a bakin ƙofa shekara biyu. Hannu a gwiwa, ido a bango. Mutumin da in bai sami abin gyara ba sai ya ɓata ya gyara. Na sha faɗa, ba ciwon ne ya tafi da shi ba, zaman ne. To shi ƙafa ce ta ƙi. Kai lafiyarka ƙalau. Wallahi ka ba ni tsoro."

Akawu ya sauke ido daga bangon. Ya dubi tafin hannunsa, ya yi laushi, duk kantar da ya yi shekaru yana tarawa ta gudu.

"Tsoro nake kada hannuna ya manta aiki, Kaka."

"Kada ka ƙara ce mini Kaka a gaban mutane, ka tsufar da ni. Miƙo jakata."

Ta lalubo waya, ta nisanta ta da ido, ta danna. Wayar Kaka kullum a buɗe murya take, duk ɗakin aka ji ubansa ya yi sallama.

"Kai, uwarka ce. Maganar da ka ɗora wa yaron nan, sauke ta."

"Inna, ba ki gane ba ne. Aikin ofis ne fa, ga mutunci, ga fansho."

"Ina cikin ofis ɗin yanzu haka. Sai mai rai ke cin fansho. Zama wuri ɗaya tsautsayi ne, in ji kifi."

"Amma Inna, na riga na ce ban yafe ba."

"Ni ma ina da irinta a bakina, tawa kuma ta girmi taka. So kake in fito da ita?"

Masinja ya matso da kunne.

"To, Inna. Na janye. Allah ya sa albarka."

Ta kashe wayar ta jefa a jaka. Akawu ya ji kamar an sauke masa buhu daga ka, ya rasa inda zai sa idonsa, don haka ya koma inda ya fi ƙarfi.

"Ashe zaman jego bakwai bai koya miki komai ba."

Kaka ta yi ƙoƙarin ɗaure fuska, abin ya ƙi. Dariya ta ƙwace mata har tana dafa tebur.

"Ka ci, ɗan banza, ka ci. Amma ka sani, ranar da ka dawo da baƙin mai a riga, ba ni zan wanke ba."

"Da ma sakinki zan yi in na fara aiki. Mai sana'a sai yarinya."

"Wace yarinya ce za ta ɗauki ragowata? Tashi ka kai ni gida, daga can ka wuce wurin maigidanka tun bai canza ra'ayi ba. Ungo, riƙe mini jaka. Ga aiki na ba ka."

Jakar ba komai a cikinta sai waya da carbi. Akawu ya karɓa da hannu biyu. Sun kai bakin ƙofa ke nan Masinja ya miƙe, yana kallon jakar.

"Ko in taya ka?"

"A'a," in ji Akawu. "Nawa ne."