Kujerar da Ta Rasu a Hannun Mai Gyara

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, daga shagon da ya yi mana faɗi tun farkon mako, muke sanar da 'yan uwa da abokan arziki, da duk wanda aka taɓa zaunarwa aka ce ya ɗaga haɓa, rasuwar kujerar katako ta shagon mai hoto. Ta rasu ranar Litinin da hantsi, tana da shekara ashirin da shida, a gaban wanda ya yi ta da kuma mahaifinsa.

An haifi marigayiya a shagon kafinta, a hannun ɗan kafintan, wato mai hoton namu, lokacin gemu bai gama fito masa ba. Ita ce abu na farko kuma na ƙarshe da ya taɓa haɗawa da ƙusa. Ta zo duniya da ƙafa huɗu, uku sun jitu, ta huɗun ta gaza su da faɗin yatsa. Mahaifinsa, wanda ƙofofin da ya kafa har yau ba sa kuka, ya ɗora tafin hannu a kanta, ta ce ƙwas, ya ɗauke hannunsa. "Kai dai nemi wata sana'a," in ji shi. Bai yi faɗa ba, kuma da faɗan ya yi da abin ya fi sauƙi. Ɗan ya saɓi kujerarsa ya fita, ya koma koyon hoto.

Shekarunta na farko a shagon hoto shekarun kunya ne. Mai hoton yana ɗaukar hoton fasfo da na ɗaliban da suka gama makaranta, kowa ya zauna sai ya ba shi haƙuri. Hotunansa ba su da aibu, ba su kuma da rai. Mutum ya shigo yana raha, da ya ga kyamara sai ya haɗe fuska kamar an kira shi shaida. Mai hoton ya san akwai abin da ke kuɓuce masa, ya sayi fitila, ya sake labule, abin bai zo ba.

Wata tsohuwar shugabar makaranta ce ta tona asirin marigayiya. Ta zauna a miƙe, fuska babu wasa. Kujera ta ce ƙwas, ta karkata. Shugaba ta zaro ido, dariya ta ƙwace mata, yatsan mai hoto kuma ya riga tunaninsa. Da 'yarta ta zo karɓar hoton, ta daɗe tana kallonsa, ta ce, "Wannan ce Mamanmu ta cikin gida. A ina ka same ta?"

Daga ranar ya daina ba kowa haƙuri. Ya koyi yin shiru, ya koyi jira. Marigayiya ba ta gaggawa. Takan bar mutum ya gyara hula, ya shirya fuskar da yake fita da ita kasuwa, sai ya saki jiki, sannan ta yi magana. Kalmarta ɗaya ce, ƙwas, in kuma baƙon mai jiki ne ta ƙara da wani siririn ƙiii. Ba ta taɓa kayar da kowa ba, ba ta kuma taɓa jin nauyin kowa ba. Mai muƙami da mai wanki, duka haka take girgiza su.

Shekara shida da suka wuce, mai hoton ya fara aikin da ya fi ƙauna a rayuwarsa: hotunan mutum arba'in na layinsu masu ci da hannunsu. Tela ya zauna da allura a wuyan riga. Mai walda ya zauna da tabon tartsatsi a hannu. Ungozoma, mai gyaran takalmi, mai gyaran agogo da gilashinsa a goshi, kowa ya zo ya sha ƙwas ɗinsa. Hotuna talatin da tara suna jere a bango. Ƙusa ta arba'in tana nan ba a rataya mata komai ba, kuma kowa a layin ya san ta mahaifinsa kafinta ce. Tsohon bai taɓa zama gaban kyamarar ɗansa ba. Kullum amsarsa ɗaya ce: "Ina da aiki." Ko bayan da hannunsa ya soma rawa, aikin ya koma wurin wasu, amsar ba ta canja ba.

Mahaifiyar mai hoton ce ta shawo kan tsohon, ba mu san da wace dabara ba. Ranar Litinin ya iso shagon da sabuwar riga, har da turare. Mai hoton ya rasa inda zai sa kansa don murna. Ya ce, "Baba, ga wuri, zauna." Amma kafinta ba ya zama a kan abin da bai taɓa ba. Ya ɗora hannu, marigayiya ta gaishe shi yadda ta gaishe shi da can.

"Har yanzu wannan abar kake sa mutane a kai?"

"Baba, haka take aiki. Bar ta."

"Miƙo min guduma."

Mai hoton yana da shekara arba'in da uku, amma ya miƙa. Tsohon ya kifar da ita, ya saita ƙusa, hannunsa ya kauce, guduma ta sauka a kan gaɓa. Katakon da ya bushe shekara da shekaru ya tsage tun daga ƙafa har mazauni. Wannan karon ba ta ce ƙwas ba. Wani sauti ta yi, gajere, wanda ba mu taɓa jin ta yi ba.

Tsohon ya tsaya a durƙushe da ƙafar kujera a hannu, ya ɗago ya kalli ɗansa. A hankali ya ce, "Ban taɓa kuskuren ƙusa ba." Ga haske ta taga, ga kyamara a wuyan mai hoto, ga fuskar da ya yi shekaru yana nema, babu komai a kanta sai gaskiya. Bai ɗaga kyamarar ba. Ya kama mahaifinsa ya tayar, ya kakkaɓe masa gwiwar wando, ya raka shi gida.

Marigayiya ta bar kyamara guda, da labule mai ruwan toka wanda ya yi zaman maƙwabtaka da ita shekara da shekaru, da fitilu biyu, da madubi da matajin da ke ɗaure da zare a gefensa. Ta bar fuskoki talatin da tara a bango, da wasu da yawa a falon mutane. Ta kuma bar mai ita, wanda bai da tabbas ko shi ne yake ɗaukar hoton nan ko ita ce, kuma tsoron sanin amsar ya hana shi sukuni.

Za a yi bankwana da ita ranar Asabar da hantsi a cikin shagon, kafin a kai ta saman kabad, inda za ta kwanta naɗe da tsohon labule. A wannan zaman ne kuma za a ɗauki hoto na arba'in, domin jiya tsohon ya aiko da magajiyarta. Kwana uku ya yi a kanta shi kaɗai, bai yarda kowa ya riƙe masa ko katako ba. Ya aiko da saƙo a gaya wa ɗansa, ga yadda ake kujera.

Mai hoton ya ajiye ta a ƙasa, ya ɗora tafin hannu. Tana rawa, har ta fi marigayiya.

Saboda haka iyalai ke roƙon masu zuwa ta'aziyya su yi haƙuri da tsayuwa, kada kowa ya taɓa sabuwar kujera, kada kuma a yi maganar tsinken katakon da mai hoton ya cusa a ƙarƙashin ƙafarta ta baya don kada ta yi rawa. Tsohon zai zauna daram, ya haɗe fuska, ya ɗaga haɓa. Hoton zai fito kamar na fasfo, mai hoton ya sani, kuma shi za a rataya.