Yadda Aka Haifi Kawuna a Kuba

Ranar Asabar na raka Kawu Mukhtaru karɓar igamarsa, takardar izinin zaman nan da ake sabuntawa. Mun shiga ofishin yana mai shayin Jarwal, unguwarmu a nan Makka. Mun fito yana ɗan ƙasar Kuba.

Ba zan faɗi sunan ofishin ba. Kun san shi. Shi ne mai tagar nan da ake buɗewa idan rana ta gama gasa mutane, a rufe da zarar layi ya fara motsi.

Ga yadda abin ya faru. An haifi Kawu a Ƙuba, gefen Madina, inda masallacin nan mai albarka yake. Iyayensa sun taso daga ƙasar Haɗeja a ƙafa, suka yi shekara bakwai a hanya, suka haife shi a can. To magatakarda ya tambaye shi inda aka haife shi. Kawu ya daki ƙirji ya ce Ƙuba. Kunnen Balarabe kuwa ba ya jin “ƙa” ɗinmu, “ka” yake ji. Ga rediyo a gefensa, kuma kun san a makonnin nan ba abin da rediyo ke faɗi sai Kuba da makamanta da jiragen yaƙin da suka kewaye ta. Ya rubuta kaf inda ya kamata ya rubuta ƙaf. Hatimi ya sauka.

Ni na lura, don Kawu ba ya karanta rubutun ofis. Na nuna wa magatakarda. Ya tura mu sama, wurin Mai Girma Sarkin Hatimi, Uban Tawada, Magajin Bukra, wato “dawo gobe”, Allah ya ƙara wa kujerarsa laushi.

Ya dubi takardar, ya dubi Kawu, ya ja kujerarsa baya kaɗan.

“Ya Hajj, yaushe ka baro Kuba?”

“Ranka ya daɗe, ina ɗan shekara shida. A kan raƙumi.”

“Raƙumi! A cikin teku?”

Na ce, ya Mudir, kuskuren harafi ne. Ya ce littafin hukuma ba ya kuskure, mutane ke yi. Ya ce za a riƙe igamar. In muna son gyara, mu kawo takarda daga hukumar Kuba mai shaida cewa ba a can aka haifi Kawu ba. In azumi ya kama babu ita, za a rufe teburin shayi, a kai shi Jidda, a sa shi a jirgi zuwa ƙasarsa. Ya faɗi “ƙasarsa” da tausayi, kamar mai shirin yi masa alheri.

Ku dubi hikima, jama'a. Mutum ya kawo shaidar rashin haihuwarsa daga garin da bai san da zamansa ba. Ni shekarata biyu da gama sanawiyya, wato sakandare. Sau uku ina neman aikin magatakarda a ofishin nan, sau uku ana ce min ban cancanta ba. Yanzu na gane laifina. Na san bambancin kaf da ƙaf.

Kawu bai ci abincin rana ba. Bayan la'asar ya kira ni tsakar gida.

“Mahmudu, kai ka yi karatu. Tunda can za su kai ni, zo ka gaya min garin namu.”

Na kakkaɓe littafin labarin ƙasa. Karo na farko ke nan da karatuna ya yi wa wani amfani.

Na ce Kuba tsibiri ce. Babban birninta Habana, mutanensa sun fi miliyan.

“Haba-na?” in ji Inna Rakiya, matarsa, daga bakin murhu. “Garin da sunansa ma gardama ce.”

Na ce Sifaniyawa suka kafa shi, shekara ɗari huɗu da ɗoriya. A bakin teku yake, mashigar ruwan matsattsiya, cikin kuwa fili. A da, duk jiragen da suka kwaso zinariya da azurfa daga ƙasashen can, a nan suke taruwa. Su jira juna watanni, sannan su ƙetara tare don tsoron ’yan fashin teku. Mutanen gari kuwa su ba matuƙa hayar ɗaki, su sayar musu da ruwa da abinci da ɗan karen tsada.

Kawu ya ɗago kai. “Baƙi su zo sau ɗaya a shekara, a tsawwala musu haya, su tafi, a zauna jiran baɗi? Ai wannan sana'ar mun iya.”

Na ce akwai ganuwa a bakin ruwa, kuma kullum ƙarfe tara na dare sai an buga igwa.

“Kullum? Su ba sa gama azumi ne?”

Na ce ba ta shan ruwa ba ce, al'ada ce tun zamanin da ake rufe ƙofofin gari. Na ce Ingilishi sun taɓa ƙwace birnin, suka riƙe shi wata goma sha ɗaya, sannan aka zauna kan teburi aka yi musanyensa da wata ƙasa. Gari sukutum, da mutanensa da awakinsa, da alƙalami kawai. Ashe Sarkin Hatimi yana da dangi ko'ina.

“Me suke ci da shi?” in ji Kawu.

“Rake da taba. Sukarinsu har bangon duniya ake kai shi.”

“Sukari ya yi arha ke nan.”

“A gindinsa za ka zauna. Sai dai gahawa suke sha.”

Ya ja tsaki.

Na ce a gidajen naɗa taba akwai mutumin da aikinsa kawai ya hau doguwar kujera, ya yi ta karanta wa ma'aikata jarida da littattafai suna aiki.

“Alhamdu lillahi,” in ji Inna Rakiya. “Ga aikin Mahmudu ya samu. Sai ku tafi tare, mu huta da zaman zaure.”

Na juya shafi. Na ce raken nan, waɗanda suka noma shi baƙaƙe ne irinmu. A ɗaure aka kwaso kakanninsu daga ƙasar Yarbawa da Kwango da sauransu. Har yau gangunansu na nan, su ne kiɗan garin.

Kawu ya ce, “Su ma kuskuren harafi aka yi musu?”

“Su ko tambayarsu ba a yi ba, Kawu.”

“Masallaci fa?”

Na duba shafin. Na juya na gaba. Na koma na baya. Littafin bai ce komai ba.

Ya ce, “Uwata ta yi tafiyar shekara bakwai don a binne ta a ƙasar nan. Ni kuma harafi ɗaya zai fitar da ni.”

Inna Rakiya ta daina juya tuwo. Daga nan ba wanda ya sake wasa.

Ranar Laraba muka koma, don roƙo. Sai ga abin mamaki: Mai Girma da kansa ya sauko bene yana share gumi. Ashe labari ya kai ga wanda ya fi shi laushin kujera, an tambaye shi yadda aka yi ɗan Kuba ya shekara hamsin yana dafa shayi a Jarwal bai sani ba. Littafin da ba ya kuskure, na ga an bi shafi guda da reza. An kuma kawo sabon magatakarda, ɗan Masar.

“Ya Hajj,” in ji Sarkin Hatimi, “sake faɗa. Amma ka faɗa yadda ’yan gari ke faɗa.”

To mutanen Hijaz, kun sani, ƙaf ɗinsu “ga” ne. Guba suke cewa. Tun da aka haifi Kawu bai taɓa yarda ya kira mahaifarsa da sunan abin da ake kashe ɓera da shi ba. Ya dube ni.

“Guba,” ya ce, a hankali.

Shi kuma mutumin Masar, jim ɗinsa ne “ga”. Ya rubuta jim. Juba, kudancin Sudan.

Na buɗe baki. Kawu ya taka min ƙafa, taki na gaske.

“Sudan!” in ji Mai Girma, fuskarsa ta washe. “Tayyib. Irinsu ai sun cika Jarwal.” Hatimi ya sauka. Ko minti goma ba a yi ba igama ta zo hannu.

A waje Kawu ya ce, “Yanzu a ina aka haife ni?”

“Juba.”

“Da nisa?”

“Ta fi kusa.”

“Ana korar mutanen can?”

“Ban taɓa ji ba.”

Ya daɗe yana kallon takardar da ba ya iya karantawa. Sannan ya ninke ta, ya sa a aljihun ciki. “To a bar ni a can. Allah ya san inda aka yanke min cibiya.”

Muna godiya, manyanmu. A kwana huɗu kun ƙetarar da tsoho babban teku, ko takalminsa bai jiƙe ba. Masu motar alhazai da ke wuni tsakanin Jidda da Makka su zo su ɗauki darasi.

Igamar Inna Rakiya wata mai zuwa za ta ƙare. Ita a Ruma aka haife ta, ta ƙasar Katsina. Na riga na buɗe shafin Italiya.