Ramin da Ba na Kowa Ba

A wani daji da rani ya ƙi tafiya, Shamuwa ta wuce ta bar saƙo: akwai sauran tafki, zango uku gabas da Ramin Tsawa. Kowa ya san ramin. Wani dutse ne ya faɗo daga sama tun zamanin kakanni ya haƙa shi, kuma daga bakinsa ake ƙirga gabas da yamma.

Barewa ta so ta kama hanya nan take, don gyatumarta kwana huɗu ba ta ga ruwa ba. Sai dai doka ta hana ƙetare iyaka ba tare da takardar Majalisar Awo ba. Ta ja tsohuwar zuwa can, ta kwantar da ita a inuwa, ta tsaya tana ta sauya ƙafa.

Giwa, shugabar majalisa, har ta ɗauki hatimi, sai Kura ta miƙe.

"Ranki ya daɗe, ramin nan a unguwar Gyado yake. Ashe duk mai tafiya sai ya fara da ƙofar gidansa? Mu ba mu da ramuka ne?"

Wuri ya kaure. Kowa ya tuna yana da rami, har waɗanda ke kwana a reshe.

"Don Allah ku sa mini hatimin, kwa ci gaba," in ji Barewa. Aka ce ta bi layi.

Da la'asar Malama Mujiya ta nuna farin wata da ya fito tun rana ba ta faɗi ba.

"Ku dubi ɗan ramin can a fuskarsa. Da irinsa masana suke auna gabas da yamman wata. Ba unguwar kowa ba ce. Mu ƙirga daga can."

Aka yi tafi. Ni dai ban taɓa ganin shawarar da ta gamsar da kowa haka ba, kuma abin ya ba ni tsoro.

Aka miƙa wa Barewa takarda: zango uku gabas da ramin wata. Ta ɗaga kai. Ɗazu watan yana kan tsamiya, yanzu ya koma kan dutse.

"Ranki ya daɗe, tafiya yake yi."

"Sai ki hanzarta," in ji Giwa. "Akwai sauran mai kuka?"

Babu. Da aka duba inuwa, gyatumar Barewa ma ta daina jin ƙishirwa.