Farantin Malam Gwadabe Mai Gida Uku

Yau da rana an kore ni daga hoto. Ba daga aiki ba, alhamdu lillahi, daga hoto. Wani bawan Allah mai babbar riga da farin tabarau ya ɗaga hannu ya ce a matsar da yaron nan mai surutu gefe, yana ɓata tsari. Shekaruna talatin da ɗaya, ina da mata da 'ya, ina da digiri a ƙasan akwati, amma na matsa. Na jingina da katangar kamfaninmu ina huci, ina kallon yadda ake ɗaukar ƙarya hoto da rana tsaka.

Bari in faɗa muku yadda aka yi.

Ni ne mai kula da sito a wani kamfanin roba a Sharaɗa, inda ake buga bokiti da buta da kofi. A cikin masu tsayuwa kan inji akwai Malam Gwadabe, dattijo mutumin wani ƙauye a bayan Ringim, wanda ya fi shekara ashirin a wurin. Yana da ciwon suga. A farkon shekarar nan takalmin aiki ya ci masa babban yatsan ƙafa, ciwon ya ƙi warkewa. Likita bai ɓoye masa ba: in sugan bai sauka ba yatsan zai tafi, kuma ba lallai ya tafi shi kaɗai ba. Mutumin da abincinsa yake a tsayuwar awa goma sha biyu gaban inji, kun san abin da wannan magana take nufi a gidansa.

Ana cikin haka sai ga Allah ya kawo manya da wani shiri na koya wa ma'aikata masu ciwon suga da hawan jini yadda za su kula da kansu. An ƙaddamar da shi a wani babban zaure a Bompai, ni ma kamfani ya tura ni saboda ina iya karatu. Mai Girma Mai Almakashi ya yanka zare, aka tafa. Aka raba lemon kwalba da kek da cincin. A taron yaƙi da ciwon suga. Na kalli na kusa da ni ko zai yi dariya, na tarar yana cusa kwalba ta biyu a aljihu.

A jawabinsa, Mai Girma ya ce an gwada shirin a ƙasashen ƙetare ya yi aiki, kuma an daidaita shi tsaf da harshenmu da al'adunmu. Na buɗe littafin da aka ba mu, na ga daidaitawar da idona. An fassara rubutun zuwa Hausa, wannan gaskiya ne. A hotuna kuma an ɗora wa namijin hula zanna, an yafa wa macen mayafi. A shafin motsa jiki, asalin hoton mutum ne yana yawo da karensa. Masu hikima suka ce kare bai dace da mu ba, suka goge shi, amma suka manta da igiyar. Sai ga Alhaji da hularsa yana tafe cikin natsuwa yana jan igiyar da babu komai a ƙarshenta. Allah ya saka wa kwamitin daidaita al'adu da alheri, sun yi aiki.

Kada a ce na zo rushe ilimi. Na karanta littafin sau biyu, abin da ke cikinsa daidai ne. Abin da ke ƙona mini rai shi ne babu wanda ya tako ya tambayi ko mutum ɗaya. Littafin ya ce a yi tafiyar rabin awa kullum, aka miƙa shi ga Malam Gwadabe da ke takowa daga Gaida da ƙafa tun da mai ya zama abin da ya zama, wanda likita ke roƙo ya rage taka ƙafar. Shafi sittin, babu kalma ɗaya a kan azumi. An buga shi da boko, alhali rabin mutanenmu ajami suke karantawa, balle 'yan uwanmu na Maraɗi da Damagaram.

Amma zuciyar shirin faranti ne. Farantin roba mai gida uku: babban gida na ganye, ƙarami na tuwo ko shinkafa, ƙarami na nama ko wake. Daga ƙasar waje aka shigo da shi, aka sauke mana a ƙofar kamfanin da muke buga roba dubbai a rana. Ƙa'idar ita ce mai ciwo ya ci abincinsa a ciki, kuma duk wanda yake bi ana gwada masa suga kyauta kowane wata. Jami'ai za su zo dubawa.

To ga abin da ba a rubuta a kowane shafi ba. Malam Gwadabe bai taɓa cin abincin rana a farantinsa shi kaɗai ba. Idan aka tashi hutun rana, su shida ne suke zama a rumfar Asabe mai abinci a bakin ƙofa, ta zuba musu garau-garau a babban tire ɗaya, su kewaye shi. Shekara goma sha huɗu ke nan. Lokacin da aka dakatar da Lawan, abokin aikinsa, wata uku, kullum yana zuwa ya sa hannu a tiren nan, babu wanda ya taɓa ɗaga ido ya kalle shi. Wanda bai san wannan ba zai ɗauka tire kwano ne kawai.

Ni na sani, amma na yi kamar ban sani ba, domin yatsan nake hange. Na matsa wa dattijon. Na ce Baba ku daure ku bi littafin nan, ciyayya ba za ta tsaya muku a gaban likita ba. Ya ji maganata. Ya ɗauki farantinsa ya koma wani benci a gefe.

Ranar farko dariya aka yi. Lawan ya cire hula ya rusuna ya ce Allah ya ja zamanin manaja, a tuna da talakawa. Rana ta uku dariyar ta ƙare, domin magana ta fara yawo cewa ai tarin fuka ne da shi, shi ya sa aka ware shi. Wasu suka daina shan ruwa a kofin da ya sha. Rana ta biyar Ɗahiru, mutumin Damagaram da ke zama a damansa tun da aka kafa tiren, ya zo da goro biyu a hannu, ya durƙusa ya ce idan wani abu suka yi masa, ya yafe musu don Allah. Malam Gwadabe ya yi ta rantsuwa babu komai, likita ne. Ɗahiru ya ce wane irin likita ne zai raba mutum da mutane.

Na riƙa ganinsa ta tagar sito, ya juya wa rumfar baya yana tsakurar kabeji kamar wanda aka yi wa horo. Rana ta tara ya miƙa wa Asabe farantin ya ce ta yi abin da ta ga dama da shi. Ya koma tire, ya ci shinkafa kamar mai rama bashin kwana tara. Da aka gwada a ƙarshen watan, sugan ya yi sama.

Na same shi bayan la'asar ina faɗa. Ya bar ni na gama, sannan ya ce:

"Abdulbaƙi, ɗana, likita yatsa ɗaya ya ce zai cire mini. Kai da littafinka mutum biyar kuka cire mini, kuma ko allurar kashe zafi ba ku yi mini ba."

Sai na yi abin da ɗan boko yake yi in ya rasa amsa: na rubuta wasiƙa. Shafi uku, na bayyana wa ofishin shirin cewa mutanenmu tare suke cin abinci, a sake duba batun faranti. Bayan sati uku aka amsa cewa an miƙa ƙorafina ga ƙaramin kwamitin al'adu, wato dai mutanen da suka goge kare. Na je da kaina. Aka ce Ranka Ya Daɗe Shugaban Kwamiti ya yi tafiya wani gari, taron ƙara wa juna sani a kan muhimmancin sauraron jama'a.

Asabe ce ta kira ni. Ba ta yi boko ba, amma ciwon suga ne ya kashe mahaifiyarta, kuma ta ga yadda ya fara ta ƙafa. Ta ce in karanta mata shafin faranti. Na karanta, ta ce in sake. Sannan ta tambaye ni ko farantin ne yake maganin ko abin da aka zuba a ciki. Na ce abin da aka zuba ne mana. Ta ɗan kalle ni kallon da ake yi wa wanda ya yi karatu da yawa, ta ce:

"To Malam, tun da kake, ka taɓa ganin babban mutum ya miƙa hannu gaban wani a tire? Ai kowa gabansa yake ci."

Shi ke nan fa. Abin da aka koya mana da duka tun muna yara, ci gabanka, shi ne kwamiti guda da ni mai digiri muka kasa tunawa. Tiren Asabe yana da wata lotsawa a baki, tun ranar da ya faɗo daga kan benci. Washegari ta juya lotsawar ta fuskanci Malam Gwadabe. A wannan ɓangaren ta tara kwaɗon zogale ba suga, da kabeji, da wake mai yawa, shinkafa kuwa 'yar kaɗan daidai ƙaramin gidan farantin. Sauran ɓangarorin kowa da garau-garau ɗinsa yadda ya saba. Tire ɗaya, hannu shida, bisimilla ɗaya.

Lawan ya naɗa kansa jami'in kan iyaka. Da hannun dattijon ya karkata dama wajen shinkafar Ɗahiru, sai ya yi gyaran murya ya ce Malam kun shiga Nijar, a dawo gida. Ɗahiru kuma ya ce a bar shi, baƙo ne, amma loma ɗaya ce izininsa. Bayan sati biyu aka kama shi kansa Lawan yana satar zogale, ya ce binciken kaya yake yi.

Wata uku ana haka, yana kuma shan maganinsa a kan lokaci, domin yanzu mutum biyar ke tuna masa. Sugan ya sauko. Ciwon ya fara haɗewa. Likita ya duba ya ce a yanzu dai ya mayar da wuƙarsa, a ci gaba da abin da ake yi.

Sai yau. Motoci biyar suka tsaya a bakin ƙofa, a garin da mai adaidaita yake kwana biyu a layin mai. Mai farin tabarau ya fito, bayansa Hajiya Mai Rahoto da takarda a hannu, da mai ɗaukar hoto. Suka tarar da Malam Gwadabe hannu dumu-dumu a cikin tire. Hajiya ta girgiza kai. Takardarta gurbi biyu gare ta: yana amfani da faranti, ba ya amfani da faranti. Wanda ya faɗa na biyu a soke sunansa, gwajin wata-wata ya ƙare. Wato a rufe wa likita ido a daidai lokacin da yatsan ya fara dawowa.

Nan na fito daga sito. Na nuna musu lotsawar, na nuna musu zogalen, na ɗauko katin asibitinsa na buɗe. Mai tabarau ya saurare ni da haƙurin manya, sannan ya ce babu gurbin tire a takardar. Na ce a ƙara gurbin, ga biro. Ya ce takardar daga sama ta zo. Na tambaye shi ko a saman ma kowa shi kaɗai yake cin abinci. Na faɗi wasu maganganun da edita ba zai bari su fito ba. A nan ne aka ce a matsar da yaron nan gefe.

Ina can jikin katanga, sai na ga Asabe ta nufi teburinta. Ashe farantin yana nan a kan teburinta tun ranar da aka ba ta: gida ɗaya yaji, ɗaya gishiri, babban kuma yankakkiyar albasa. Ta juye su a murfin tukunya, ta ɗauraye farantin, ta ɗebo daga ɓangaren lotsawar ta jera kowane a gidansa, ta kawo cokali. Malam Gwadabe ya wanke hannu, ya gyara hula, ya koma bencin nan na gefe ya zauna shi kaɗai. Aka ce ya yi murmushi, ya yi. Aka ɗauka sau huɗu.

Sai a lokacin mai tabarau ya karɓi katin asibitin ya duba da kyau. Fuskarsa ta washe. Ya ɗaga katin sama ya ce ga hujja, farantin yana aiki, a sa wannan a shafin farko na rahoto. Ya ce za a ƙaro dubbai a raba a Challawa da Bompai. Aka tafa. Sunan Malam Gwadabe ya tsira, gwajinsa ya tsira.

Motar ƙarshe tana shan kwana, dattijon ya miƙe da farantinsa, ya zo ya juye shi a gaban lotsawar, ya zauna tsakanin Lawan da Ɗahiru. Lawan ya ce manaja ya sa abinci ya huce. Malam Gwadabe ya waiwayo ya ce in zo in sa hannu, masu gyaran duniya ma suna jin yunwa.

Na ci, amma ban huce ba, kuma ba na son in huce. A Challawa akwai masu aikin fata, a Bompai akwai masu dakon kaya, kowane da tirensa da mutanensa, kuma ba kowace rumfa ce take da Asabe ba. Za a ba su faranti, su ci kwana tara su kaɗai, su ajiye, a rubuta cewa talaka taurin kai gare shi. Wasunsu za su rasa ƙafa a kan abin da zaman rana ɗaya a bakin ƙofar kamfani zai gyara. Ba mu ce manya su ci da mu ba, mun san cikinsu ba zai ɗauki yaji ba. Su zo su tsaya kawai su ga yadda ake ci, kafin su koya mana.

Af, na kusa mantawa. Asabe ta ba ni saƙo ga masu girma, tun da za a ƙaro farantin: don Allah a duba ko akwai mai gida huɗu. Har yanzu ba ta da wurin zuba garin ƙuli.