Ɗan Takarar Kansila Ya Fita Neman Rikici

Wani ne a wajen Bunkure, manomin tumatir a bakin kanal ɗin ban ruwa, ya ɗora wa ransa sai ya zama kansila. Aka ce masa in ba takardar sakandare, ba takara. Mutumin nan da furfurarsa ya je ya shige lasin cikin 'yan aji shida, gwiwoyinsa ko shiga benci ba sa yi.

Rannan ya tsaya lodin kwanduna, ya makara. Ya tarar Malam Fatihu, malamin Hausa, ya yi nisa yana cewa, "Labari sai da tauraro, wato wanda abin ya faru a kansa. Sai da rikici. Rikicin ya yi ta hawa har ya kai ƙololuwa, inda abu ya fi zafi, sannan a warware shi. Kowa ya rubuto nasa. Wanda bai kawo ba, ba zan sa shi a jarrabawa ba."

Mutumin ya ɗaga hannu. "Malam, tauraro kam ga ni. To rikicin a ina ake samu?"

"Duba kewayenka, Baba. Rikici ai ko'ina akwai shi."

Ya duba, babu. Bawan Allah ne da ko akuya bai taɓa yi wa tsawa ba. Hankalinsa ya tashi, kujera za ta tafi a banza.

Ya isa gida, matarsa Tambaya ta ajiye masa tuwo. Ya ɗaure fuska. "Wannan miyar ba ta ciwuwa!"

Ta ɗanɗana. "Wallahi da gaskiyarka, Malam. Bari in soya maka ƙwai."

Ya ce, "Ke dai ba kya so in ci zaɓen nan."

Ya wuce wajen mai shayi. Ya kurɓa, ya tofar. "Wannan shayin naka sai ka ce ruwan kanal!"

Mai shayi ya ce, "Ai shi ne."

Kai jama'a! Gari guda an rasa mai faɗa. Sai ya tuna yau ranar ban ruwan Datti ce, maƙwabcinsa na gona. Datti kuwa ko sallama ka yi masa sai ya tambaye ka me kake nufi, ga 'ya'ya ƙarti, ga tumatirinsa yana fure. Gogan naka ya ɗauki shebur, ya toshe hanyar ruwan Datti, ya juya shi gonarsa. Ya hau kunya ya zauna da biro da takarda.

Sai ga Datti yana huci. "Wane ɗan iskan ne ya toshe min ruwa?"

"Tauraro ne."

Tas! Datti ya wanke shi da mari. Mutumin ya ce, "Alhamdulillahi," ya rubuta. "Malam Datti, wannan ce ƙololuwar, ko da saura?"

"Da saura!"

Ya ƙwalla wa 'ya'yansa kira. Suka yi masa lilis, suka ɗaga shi cancak suka cilla kanal. Ya ɗago kai yana aman ruwa, takarda a sama kada ta jiƙe. "To mun kai! Yanzu sai a warware."

Datti ya ce, "Mu ko farawa ba mu yi ba."

Da ƙyar ya sha.

Washegari ya shiga aji yana ɗingishi, ido ɗaya a rufe. Malam Fatihu ya karanta har da tafi. "Kai Baba, ka iya ƙirƙira! Wallahi kamar da gaske aka yi."

"Ƙirƙira kamar yaya?"

"Ai ƙagaggen labari na ce. A zaune mutum yake ƙago shi daga kansa. Na yi bayani tun farko, ba ka zo da wuri ba ne."

Mutumin ya leƙa taga da idon da ya rage. Ga Datti da 'ya'yansa a gindin darbejiya, kowa da gora, suna jiran a tashi.

Ya ce, "To Malam, don girman Allah fita ka yi wa Datti wannan bayanin. Shi ma bai zo da wuri ba."