Gidan Kakannin Gwamna

Duk garin Phan Thiet ba a yi mutum kamar Kawu Khiem ba, ku tambaye shi ku ji. Romon kifi yake sayarwa a kwalba, amma 'yan kasuwa Gwamna suke ce masa, shi kuwa har amsawa yake. Ya san Faransa lungu-lungu, bawan Allah, ko ƙofar jirgi bai taɓa gani ba.

Da hutun sabuwar shekara ya zo, itatuwa suka yi fure, sai ya ɗauki hayar bas ya kwashi iyali zuwa yawon buɗe ido a garin Dalat, har da tsohuwarsa, Inna Lua, mai shekara casa'in. Ba don su ya yi ba fa. Don Likita Tuong ne, mai cire haƙori, wanda ɗansa ke son 'yar Gwamna, shi ma an tafi da shi. Likita ya ƙi sa rana, wai sai ya san asalin gidan tukuna.

To, asali kam zai gani.

Hular Faransawa a ka, usur a baki, Gwamna ya tasa su gaba kamar agwagi. A lambun furanni ya hana kowa kwance ƙunshin shinkafarsa.

"Manyan mutane ba sa ci a ƙasa!"

Yara na hamma, shi yana karanto musu sunan fure daga allo, sai ka rantse shi ya raɗa masa.

Can ya tsayar da su gaban wani tsohon gidan Turawa, wanda yanzu ake shan kofi a ciki. Ya cire hula, ya dafa ƙirji, har da 'yar ƙwalla.

"Suruki, nan mahaifiyata ta girma. Ba ɗakin da ba ta sani ba. Mu da Turawa, ai tare aka tashi. Inna, ke za ki fara shiga, gidanki ne."

Tsohuwa ta kalli matakalar ƙofar gaba, ta kalle shi. Sai ta tuɓe takalma ta riƙe a hannu, ta bi gefen gida, wajen kwandon shara.

"Inna! Ga ƙofa nan!"

"Kai, rufa min baki, Khiem. Shekara tara ina goge matakalar nan da gwiwa, ban taɓa taka ta da ƙafa ba. Ƙofarmu tana baya, gefen ɗakin kare."

Likita ya sunkuya, ya kwance igiyar takalminsa.

"Inna, jira ni. Tawa uwar wanki ta yi a gidan can na gaba. Mu je, da ke zan sa ranar yaran nan."

Kowa ya bi su, har matar Gwamna. Ya rage shi kaɗai, hula a hannu, baki buɗe.

Yarinya mai kai kofi ta leƙo.

"Kawu, shiga za ka yi ko wucewa? Ka tare mana ƙofa."